Ɗakin Karatun da Ya Zo Mana a Bayan Tirela

A wajenmu idan aka ce gini, abin da ke zuwa a ran kowa shi ne bulo da siminti da yashi, ko kuma tubali da jar ƙasa irin na kakanninmu. Mutum ya sayi fili, ya zuba fandisho, ya ɗora bulo gwargwadon ƙarfin aljihunsa, idan kuɗi sun ƙare a dakata sai baɗi. Shi ya sa da wuya ka shiga unguwa ba ka ga kangon da ya tsaya a linta ba, ciyawa ta cika shi, awaki sun mai da shi wurin kwana. Amma akwai wani irin gini da ba a filin ake yin sa ba. A masana'anta ake yanka ƙarafansa, a huda su, a yi musu fenti, a sa wa kowanne lamba, sannan a loda a mota a kawo maka. Naka shi ne ka shirya ƙasa ka ɗaura. Irin wannan ginin aka saya a makarantarmu, kuma mu 'yan kulob ɗin kimiyya muna cikin aikin tun daga ranar da aka fara maganarsa har ranar da aka sa masa kwaɗo. Labarin yadda aka yi muke so mu ba 'yan uwanmu ɗalibai.

Matsalarmu ita ce rashin ɗaki. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, amma yawancin 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu a zauren jarabawa suke fara ɗora hannu a kanta. Yaro ya san amsa, amma rabin lokacinsa ya tafi wajen neman inda zai danna. Tsofaffin ɗalibai sun tausaya mana sun kawo kwamfutoci 30, sai ga shi babu inda za a ajiye su. Ajin da aka so a ba su iska ta yaye rufinsa a farkon damina, bangonsa kuma ya tsage. Haka kwamfutocin suka zauna cikin kwalayensu a ofishin shugaban makaranta, muna wucewa muna leƙen su ta taga.

Da ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna, kuɗin da aka tara ba su da yawa, kuma kowa ya san yadda aka wahala kafin a tara su. Akwai mahaifiyar da sai da ta sayar da tunkiya ta biya nata kason. A nan aka rabu biyu. Wasu suka ce a yi ginin bulo kamar yadda aka saba, ko zai ɗauki shekara biyu. Wasu suka ce farashin siminti ba ya jiran kowa, idan aka fara aka tsaya, kuɗin sun zama kango, 'yan ajin ƙarshe kuma sun fita ba su amfana ba. Wata tsohuwar ɗalibar makarantar, wadda yanzu injiniyar gine-gine ce, ita ta kawo shawarar ginin ƙarfe. Wani dattijo ya ce shi dai bai yarda a saka 'ya'yansa cikin gwangwani rana ta gasa su ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma ita ta sa aka yi aikin da kyau, kamar yadda za ku gani a gaba. A ƙarshe aka amince, bisa sharaɗin injiniyar za ta tsaya a kan aikin. Ita kuma ta kafa nata sharaɗin: a ba ta 'yan kulob ɗin kimiyya su riƙe mata tef da littafi.

Kafin mu fara, malaminmu na kimiyyar lissafi ya sa mu bincika tarihin abin. Sai muka gano ba baƙo ba ne a wurinmu. Jinkar ɗakin kara a ƙasa ake ɗaura ta, a gama ta tsaf, sannan a taru a ɗaga a ɗora bisa ɗaki. Daga nan ne ma aka samo karin maganar nan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da Turawa suka ƙara shi ne ƙarfe da inji. A 1851 an yi wani katafaren zauren baje koli na ƙarfe da gilashi a Landan, wanda Joseph Paxton ya tsara. Guntu-guntu aka ƙero shi aka harhaɗa cikin 'yan watanni, da aka gama bikin kuma aka kwance shi aka kai wata unguwa aka sake tayar da shi. A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani injiniyan sojan Ingila mai suna Peter Nissen ya ƙirƙiro ɗakin kwano mai siffar rabin ganga, wanda sojoji kaɗan ke iya ɗaurawa cikin sa'o'i. A farkon 2020, da cutar korona ta ɓarke, an tayar da asibiti mai gado 1,000 a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin kwana goma, da ɗakunan da aka ƙero a masana'anta. Ko a nan gida, wanda ya je lambun Gamji a Kaduna zai ga gadar ƙarfen nan ta Lugga. A Zungeru aka fara kafa ta, daga baya aka kwance aka kawo ta Kaduna. Ginin ƙasa ko na bulo ba ya ƙaura, amma abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi.

Sayen shi ne mataki na farko, kuma a nan muka fara ganin amfanin abin da ake koya mana a aji. An tsai da shawara a kan ɗaki mai tsawon mita 12 da faɗin mita 6, wato murabba'in mita 72. Injiniya ta ce a nemi farashi daga kamfanoni uku, kuma kada a karɓi magana ta baki. Kowane ya rubuto kaurin ginshiƙansa, kaurin kwanonsa, irin fentin da zai sa, ko kuɗin mota da na masu ɗaurawa suna ciki, da abin da zai yi idan rufi ya yi yoyo. Ta kuma ce kowa ya aiko da guntun kwanon da zai ba mu.

Farashin ɗaya daga cikinsu ya yi ƙasa ƙwarai, har wasu iyaye suka ce a ba shi kawai. Sai muka ɗauko na'urar nan ta auna kauri da ke ɗakin gwaje-gwajenmu, wadda ba mu taɓa auna komai da ita ba sai waya da tsabar kuɗi don jarabawa. Takardarsa ta ce kaurin kwanon milimita 0.5 ne. Muka auna a wurare biyar, ba inda ya kai 0.4. Sauran biyun kuwa awonsu ya zo daidai da abin da suka rubuta. Muka ƙara da sikeli, domin mun san nauyin ƙarfe: kubik mita ɗaya yana da kilo 7,850, don haka shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita 0.5 ya kamata ya kusa kilo 4. Sikeli ma ya gaskata na'ura. Da muka kai wa shugaban makaranta sakamakon, ya duba ya sake dubawa, ya ce, “Ashe dai araha ba ta ado.” Ba a ba wannan kamfanin aikin ba.

Akwai kuma batun tsatsa. A darasin kimiyyar sinadarai an gaya mana ƙarfe na tsatsa ne idan ruwa da iska sun haɗu a kansa. Maganin da masana'antu ke yi shi ne su lulluɓe shi da sinadarin zinki, wanda ke tare ruwa, kuma ko an ƙarce wurin, shi ne zai fara cinyewa kafin ƙarfen. Don haka aka rubuta a yarjejeniya cewa kwano da ƙananan ƙarafan rufi su zama masu zinki, manyan ginshiƙai kuma a yi musu jan fentin hana tsatsa kafin fenti na biyu. Aka kuma rubuta cewa kashi uku za a biya kuɗin: na farko ranar sa hannu, na biyu ranar da kaya suka iso aka ƙirga, na ƙarshe bayan an gama ɗaurawa an duba. Kafin a taɓa ƙasa, shugaban makaranta ya kai zanen ginin wa hukumar da ke ba da izinin gini, aka sa masa hannu.

Duk wanda ya ji an ce gini ya zo a shirye zai ɗauka aiki ya ƙare. Mu kam mun ga a lokacin ya fara. Kamfani ya aiko da zanen fandisho, ya ce ranar da motarsu ta iso dole ta tarar da ginshiƙai takwas suna da wurin zama, kowanne da notin kafi huɗu da aka binne a cikin kankare, 32 ke nan. An riga an huda gindin kowane ginshiƙi a masana'anta. Idan notinmu ya kauce da faɗin yatsa, ginshiƙi ba zai shiga ba. A ginin bulo magini na iya ƙara siminti ya ɓoye kuskure. Ƙarfe ba ya jin lallashi.

Sai da aka fara zaɓen inda ɗakin zai fuskanta. Injiniya ta tambaye mu ta ina hadari ke tasowa, muka ce gabas. Ta ina rana ke dukan bango? Gabas da safe, yamma da la'asar. Ta ce to, gajerun ɓangarorin su kalli gabas da yamma, dogayen masu tagogi su kalli kudu da arewa. Da haka rana za ta sami ɗan wurin duka, iskar hadari ma haka.

Daga nan aka zo fitar da kusurwa. Muka kafa turaku muka ja igiya, muka auna mita 3 a ɓangare ɗaya, mita 4 a ɗayan, muka riƙa gyara igiyar har tsakaninsu ya zama mita 5 cif. Ƙa'idar Faisagoras ce da muka haddace tun ƙaramar sakandare, ba mu san da ita magina ke cin abinci ba. Don tabbatarwa muka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta. Lissafi ya ce 12 sau 12 a tara da 6 sau 6 ya ba da 180, tushensa kuma mita 13.42. Dukkan layukan biyu sai da suka ba da wannan adadin kafin injiniya ta bari a fara haƙa. Daidaiton ƙasa kuwa da siririyar roba mai ruwa a ciki aka duba shi, domin ruwa a bakinta biyu kullum tsayinsa ɗaya ne, komai nisan da ke tsakani. Kafinta ya yi mana katako mai huda huɗu daidai da gindin ginshiƙi, aka saka notocin a ciki don kada su motsa lokacin zuba kankare.

Daɓen ƙasa mai kaurin santimita 15 ya ci kankare kubik mita 10.8, ban da ramukan ginshiƙai. An kwaɓa shi da kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma buhunan siminti sama da 60 suka tafi a daɓen kaɗai. Bayan an zuba aka ba mu aikin da ya fi kowanne gundura: shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Ɗaya daga cikinmu ya tambaya, “Anti Injiniya, ba so ake ya bushe ba? Me ya sa muke jiƙa shi?” Ta ce siminti ba bushewa yake ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama dutse, idan rana ta shanye ruwan da wuri sai ya yi rauni ya tsattsage. Ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi sai ya kwana 28 yake kai wa. Shi ya sa aka tsara isowar kayan bayan wata guda.

Ranar da tirela ta iso, makaranta duka ta fito kallo, kuma da yawa sun koma da sanyin gwiwa. Sun zaci ɗaki za su gani, sai suka ga tarin ƙarafa da ɗaurin kwano da buhunan noti. Mu kuma muka tsaya da takardar jerin kaya, ana saukewa muna duba lamba muna sa alama. Direba na gaggawa, yana cewa komai ya cika. Da aka gama muka ga babu siraran rodi huɗu da ake gicciyawa tsakanin ginshiƙai. Wakilin kamfanin ya ce ba wani abu ba ne, ginin zai tsaya ba su. Injiniya ta sa muka haɗa sanduna huɗu da ƙusa muka yi murabba'i, ta tura shi da yatsa ya karkace. Ta gicciya sanda ta biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ce mu tura. Ya ƙi motsi. Siffa mai kusurwa uku ba ta karkacewa, kuma waɗannan rodin su ne ke hana ginin rangaji idan iska ta buge shi. Ba a biya kashi na biyu ba sai da aka kawo su bayan kwana uku.

Ɗaurawar kanta kwana tara ta ɗauka, da ma'aikata shida. Ba a bar ko ɗayanmu ya hau sama ba, kuma ba mai shiga cikin igiyar da aka kewaye wurin da ita sai da hular kwano da takalmi mai rufi. Aikinmu shi ne karanta zane, nemo ƙarfe mai lambar da aka kira, da rubuta abin da aka gama. Da aka ɗaga ginshiƙi na farko aka saito shi bisa notocinmu, ba wanda ya yi magana a cikinmu. Ya zauna kamar an gwada. Haka na biyu, har na takwas. Shugaban ma'aikatan ya tambaya wane magini ne ya fitar da awon, aka nuna masa mu.

Mun lura ba su ƙulle noti tamau tun farko ba. Sai da suka tayar da ƙarafan duka, suka gicciya rodin nan, suka saki igiya mai nauyi a ƙasa suka tabbatar kowane ginshiƙi ya miƙe, sannan suka bi da sufana suka ɗaure. Mun kuma ga wasu hudojin dogaye ne, ba zagayayyu ba. Dalili shi ne ƙarfe na miƙewa da zafi. Kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a duk digiri ɗaya. Tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara zafin ƙarfen na iya bambanta da digiri 40, don haka mai mita 12 zai ƙaru da kusan milimita 6. Idan ba a bar masa wuri ba zai nema da kansa. Ƙarar nan da kuke ji rufin kwano na yi da rana, ita ce.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne batun iska. Mun ɗauka aikin fandisho shi ne ɗaukar nauyin gini. A ginin ƙarfe har da riƙe shi kada ya tashi, domin ba shi da nauyin bulo. Ku riƙe takarda a ƙasan leɓe ku hura iska ta samanta, za ku ga ta ɗaga. Haka iskar hadari ke tsotsar rufi zuwa sama, kuma idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa aka ƙara yawan ƙusoshi masu roba a bakin rufi da kusurwoyi, inda iska ke fara kamawa.

Ba a manta da maganar dattijon nan ba. Ƙarfe na ɗaukar zafi da sauri, ba kamar katangar ƙasa mai kauri ba, wadda ke sa zaure ya yi sanyi da tsakar rana. Don haka bango da rufin da aka saya kwano biyu ne da soso mai hana zafi a tsakiya, an kuma zaɓi fari saboda yana mayar da hasken rana. Aka bar ƙananan tagogi masu raga can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take yi. Muka dasa darbejiya ta yamma, nesa kaɗan don kada saiwa ta taɓa fandisho. Mai aikin lantarki kuma ya haɗa jikin ginin da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa, saboda tsawa da kuma waya idan ta fashe ta taɓa ƙarfe. Wannan ba abin da za a yi wa rowa ba ne a ɗakin da bangonsa ke ɗaukar wuta. Muka rataya ma'aunin zafi a ciki da wani a ajin bulo na kusa mai kwano ba silin, muka yi mako biyu muna rubutawa da ƙarfe biyu na rana. Kullum sabon ɗakin ya fi sanyi. Dattijon ya zo da kansa ya zauna ciki rabin sa'a, ya fito ya ce ya yarda, amma har gobe zauren gidansa ya fi.

Ba za mu ce ginin ba shi da aibi ba. Idan ana ruwa mai ƙarfi sai malami ya ɗaga murya. Ba a kafa ƙusa a bangonsa a rataya abu yadda aka ga dama. Duk inda fenti ya ƙarce sai an shafe da wuri, kuma kafin kowace damina sai an bi noti da ƙusoshin rufi an duba. Amma ya ba mu wata riba da ba mu sa rai ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwa mai milimita 20 a kan rufinmu ya haura lita 1,400, wato jarka mai lita 25 sama da 50. An sa indararo da tanki, da shi muke shayar da darbejiyarmu.

Yanzu kwamfutocin sun fita daga kwali. 'Yan ajin ƙarshe na shiga rukuni-rukuni bayan an tashi, kuma wanda a da hannunsa ke rawa yanzu shi ke nuna wa na baya. Littafin da muka rubuta awo da lambobi da ranaku yana hannun 'yan aji huɗu, su za su ci gaba da duba ginin idan mun fita.

Ga 'yan uwanmu na wasu makarantu da za a yi irin wannan aiki a wurinsu, ko a unguwa, ko shagon mahaifi: ku roƙa a sa ku a ciki. Ku ce a rubuta komai a takarda, ku auna abin da aka ce, ku ƙirga abin da aka kawo, kuma a samu injiniya mai rajista ya tsaya a kai. Kamfani ƙarfe yake sayarwa, amma awo da lura ba a lodo su a mota. Wanda kuma ba a gini a kusa da shi, ya ari tef gobe ya auna ajinsu daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta ɓangarori biyu. Idan awon ya zo ɗaya, maginin ya san aikinsa. Idan bai zo ɗaya ba, ku kai wa malamin lissafi, ku tambaye shi dalili.